Yadda Ake Cire Madigadin Mota Ba Tare da An Fasa Kilif ko An Ɓata Fenti Ba

Madigadin da ake magana a kai shi ne robar nan da ke rataye a bayan kowace taya, mai tare laka da tsakuwa da ruwan da taya ke watsowa. Akan cire shi idan ya tsage za a canza, ko yana gogar ƙasa in mota ta ɗauki kaya, ko an sa taya mai faɗi tana taɓa shi, ko za a yi fenti, ko kuma tsatsa ta fara leƙowa ta gefensa. Aikin ba shi da wuya. Idan notuna ba su ci tsatsa ba, minti 10 zuwa 15 sun isa kowane ɓangare.

Amma ka riƙe abu ɗaya tun kafin ka ɗauki sukudireba. A yawancin ƙananan motoci, notunan da ke riƙe madigadi su ne kuma ke riƙe baƙar robar da ta lulluɓe cikin gidan taya, wani lokaci har da gefen bamba ko robar da ke ƙarƙashin ƙofa. Wanda ya kwance su ya zare madigadi ya watsar da notunan, ya bar robar ciki tana lilo. Da mota ta ɗauki gudu iska za ta tura ta kan taya, taya ta cinye ta ko ta fizge ta gaba ɗaya, wayoyi da bututun da take karewa su fito fili. Saboda haka cirewar rabin aiki ce. Sauran rabin shi ne mayar da notuna da toshe ramukan da suka rage.

Idan babbar mota ce, ko tirela, ko a-kori-kura da aka ɗaga aka sa mata tayoyin da suka fito waje da bodi, ka fara bincika dokar inda kake, domin ƙasashe da yawa sun wajabta madigadi a kan irin waɗannan. Ko a ƙaramar mota ma, ka san abin da za ka rasa: tsakuwa za ta riƙa dukan ƙasan ƙofofi da gefen bamba na baya kai tsaye, wanda ke bin ka a baya kuma zai sha feshin ruwa fiye da da.

Fara da wanki da dubawa

Kada ka fara kwancewa a kan busasshiyar laka. Ka watsa ruwa sosai cikin gidan taya, ka goge kawunan notuna da tsohon buroshi, ka sa tsinke ko siririn ƙusa ka ƙwaƙule ƙasar da ta cushe a cikin ramin kan kowane noti. Wannan ƙwaƙular ita ce ke raba aikin minti 10 da aikin awa biyu. Idan ƙasa ta cike rabin ramin, bakin sukudireba ba zai zauna har ƙasa ba, da ka murɗa sai ya zame ya cinye kan.

Sai ka haska tocila ka ƙirga abin da ke riƙe da madigadin. Yawanci tsakanin 2 ne zuwa 5. Biyu ko uku suna fuskantar taya, a jere daga sama zuwa ƙasa a bakin gidan taya. Sau da yawa akwai ɗaya a ƙarƙashi yana kallon ƙasa, wanda ba ka ganinsa sai ka durƙusa ko ka laluba da hannu, kuma shi ne aka fi mantawa. Ka ɗauki hoto da waya kafin ka taɓa komai, don tsawon notunan ba lallai ya zama ɗaya ba, kuma za ka so sanin wanne ya fito daga ina.

Abin da za ka gani ba zai wuce waɗannan ba: noti mai kan gicciye da tsini a baki, wanda ke huda roba ko ya shiga wani ɗan maƙalin ƙarfe, noti mai kan kusurwa shida, yawanci milimita 7, 8 ko 10, noti mai ramin tauraro mai tsini shida, wato Torx, galibi T20, T25 ko T30, wanda ya fi yawa a motocin Turai, kilif na roba, ribit na alminiyam, sai gam mai fuska biyu a saman madigadin inda ya kwanta a kan fenti. Wasu madigadin da aka saya daga baya ba a huda musu rami ba, maƙali ne na ƙarfe ya cije leɓen fenda, wato ɓangaren bodin da ya kewaye taya, noti ɗaya ya matse shi.

Kayan aiki

Abin da ka gani shi zai faɗa maka abin da za ka ɗauko. Ga mota mai notuna da kilif kawai, kana buƙatar sukudireba mai gicciye lamba PH2, dogo ɗaya da gajere mai ƙaton hannu ɗaya, ƙaramin racet da soket 7, 8 da 10, bakunan Torx idan su ne, abin ɓamɓare kilif mai baki kamar cokali mai yatsu biyu, ko siririn sukudireba mai faɗin baki guda biyu, filaya, man sassauta tsatsa irin WD-40, salatif na takarda da masu fenti ke amfani da shi, tsumma mai laushi, da ɗan kwano na zuba notuna. Tabarau na kare ido ba ado ba ne a wannan aiki, domin yashi ne ke zubo maka a fuska duk lokacin da ka leƙa ƙarƙashi. Idan za ka cire taya, ƙara jak, matokarin ƙarfe da mota za ta zauna a kai, weji, da sifanar taya. Ka tanadi sababbin kilif kaɗan tun kafin ka fara. Robar da ta shekara tana shan zafi da ruwa takan bushe, kuma ko gwani sai ya fasa ɗaya ko biyu. Ana sayensu ne da faɗin ramin da za su shiga, yawanci milimita 6, 7, 8 ko 10, don haka ka ciro ɗaya ka auna.

Shirya motar

Ka ajiye ta a shimfiɗaɗɗen wuri mai tauri. Ja birkin hannu, sa giya a P idan otomatik ce, ko giya ta ɗaya idan ta hannu ce. Idan yanzu aka dawo daga tafiya, bar ta ta huce kamar rabin awa, saboda faifan birki da salansa suna dab da inda hannunka zai shiga. Fesa man tsatsa a kan kowane noti na ƙarfe, gaba da baya idan hannu na kai wa, ka ba shi minti 10 zuwa 15. Ka kula kada ya fantsama kan faifan birki. Tare shi da tsumma ko kwali. Daga nan ka liƙa salatif a kan fentin da ke kewaye da gefen madigadin, layi biyu, don ko sukudireba ya zame ya sami takarda, ba fenti ba.

Na gaba

Madigadin tayoyin gaba sun fi sauƙi saboda taya na juyawa. Tayar da injin, murɗa sitiyari har ƙarshe, sannan ka kashe injin ka zare makulli. Idan ɓangaren hagu kake yi, murɗa hagu: bayan tayar zai shige ciki, ya buɗe maka fili a bakin gidan taya inda notunan waje suke. Idan akwai noti can ciki da tayar ta rufe, murɗa ɗaya gefen. Kada kowa ya zauna a kujerar direba yana wasa da sitiyari alhali hannunka na tsakanin taya da bodi.

Fara da notin ƙarƙashi, sannan na tsakiya, ka bar na sama ya zama na ƙarshe. Dalili shi ne idan ka fara da na sama, nauyin madigadin zai rataya a kan na ƙasa, ya karkace, gefensa mai yashi ya goge fenti, kuma sauran notunan su yi tauri.

Wajen kwance noti mai gicciye, ƙarfin turawa ya fi na murɗawa muhimmanci. Saka bakin sukudireba, ɗan buga bayansa da tafin hannu ya zauna, tsayar da shi daidai da notin ba a karkace ba, danna da ƙarfi, sannan ka murɗa hagu a hankali. Da ka ji yana neman hawowa daga ramin, tsaya. Zamewa ɗaya ba ta kashe noti, amma uku ko huɗu sun gama da shi. A wasu motocin Japan akwai notuna masu ɗan ɗigo a kansu kusa da gicciyen. Waɗannan na ma'aunin JIS ne, wato ma'aunin masana'antun Japan, kuma sukudireba na JIS ya fi kama su da kyau. Idan kan notin yana da gicciye kuma yana da kusurwa shida a kewaye, manta da sukudireba, sa soket.

Kilif na roba iri huɗu ne, kuma kowanne da yadda ake buɗe shi. Nan ne aka fi yin ɓarna, domin duk sun yi kama da juna ga wanda bai duba da kyau ba.

Na farko yana da ƙusa a tsakiya mai faffaɗan kai da ya kwanta a kan gindi. Za ka ga 'yar tsaga a gefe tsakanin kan da gindin. Sa siririn baki a tsagar, ɗaga ƙusar ta fito kamar milimita 5, sai ƙafafun da suka buɗe a bayan ramin su tsuke, ka zaro duka. Kada ka sa ƙarfe a ƙarƙashin gindin alhali ƙusar na ciki. A kulle yake, karyewa kawai zai yi ko ya yaga ramin robar ciki.

Na biyu ƙusarsa ƙarama ce, daidai take da fuskar gindin, babu tsagar ɗagawa. Wannan tura ta ake yi ciki, milimita 2 zuwa 3, har ka ji ɗan ƙas. Idan ka tura da ƙarfi ta wuce, za ta faɗa bayan roba, ka rasa ta. Wajen mayarwa, sai ka turo ƙusar ta fito waje tukuna, ka saka kilif ɗin a rami, sannan ka danna ta ta daidaita da fuska.

Na uku tsakiyarsa noti ne na roba mai gicciye. Shi kuma akasin na ƙarfe ne: idan ka danna, zai yi ta juyawa a wuri ɗaya ba ya fitowa. Murɗa shi da hannu sako-sako, ba dannawa. In ya ƙi hawowa, sa farce ko siririn baki a ƙarƙashin kan, kana ɗagawa kana murɗawa.

Na huɗu guda ɗaya ne, jikinsa da zara-zaran haƙora masu kallon baya. Ba shi da kulle, ja kawai ake yi. Shigar da abin ɓamɓare kilif har ya rungumi wuyansa, ka ɗaga a miƙe. Yawanci haƙoran sukan lanƙwashe, don haka ka ɗauka ba zai koma ba.

Bayan noti na ƙarshe ya fita, kada ka fizge. Riƙe madigadin da hannu biyu ka ɗan girgiza. Idan ya saki, janye shi zuwa wajen taya sannan waje, ba ka ja shi ƙasa yana gogar fenti ba. Idan ya ƙi, akwai abin da ka bari: noti a ƙarƙashi, ko ɗan harshe da ya shige bayan leɓen fenda, ko gam.

Na baya

Tayar baya ba ta juyawa, kuma tazarar da ke tsakaninta da notunan wani lokaci ba ta wuce faɗin yatsu uku ba. Gwada gajeren sukudireba, ko racet da aka sa wa bakin gicciye, kana danna kan racet ɗin da babban yatsa. Wata dabara ita ce ka ɗaga bodin da jak kaɗan ba tare da taya ta bar ƙasa ba. Gidan taya zai yi sama, tazara ta ƙaru. Amma in dai hannunka zai shiga tsakani, sai an sa matokari.

Idan ka ga sukudireba ba zai tsaya a miƙe ba, cire tayar. Minti biyar ɗin da za ka kashe sun fi cinye kan noti a wurin da injin huda ba zai shiga ba. Sa weji gaba da bayan tayar da ke ɗaya kusurwar, wato idan bayan dama za ka ɗaga, weji na gaban hagu. Sassauta notunan taya kwata ko rabin juyi tun tana ƙasa. Sa jak a wurin da aka tanada, galibi ƙarƙashin ƙofa inda leɓen ƙarfe yake da 'yan tsagogi biyu. Littafin motar ya nuna shi. Ɗaga har taya ta bar ƙasa da kamar santimita 2 zuwa 3, sa matokari a wuri mai ƙarfi, sauke nauyin a kansa, sannan ka ƙarasa kwance notunan. Jak ɗin da ke zuwa da mota na canjin taya ne a gefen hanya, ba a amince masa da hannu ko kai a ƙarƙashi ba, kuma tubali yakan ruguje ba gargaɗi. Tayar da ka cire, kwantar da ita a ƙarƙashin gefen motar ta zama kariya ta biyu. Daga nan kwancewar iri ɗaya ce da ta gaba.

Idan noti ya ƙi

Notunan madigadi suna zaune ne a wurin da ya fi ko'ina shan ruwa da laka, don haka samun ɗaya da ya kafe ba abin mamaki ba ne. Matsalar iri uku ce, kuma sai ka gane wacce ce kafin ka ƙara ƙarfi.

Wanda ya kafe ƙam ba ya motsi, tsatsa ce ta haɗe shi da maƙalin bayansa. Ƙara mai, ɗora bakin sukudireba ka ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma sau biyar ko shida don tsatsar ta tsattsage, ka jira. Sannan ka ɗan ƙara ɗaure shi dama kaɗan kafin ka juya hagu. Da ya motsa, kada ka zarce: kwata juyi hagu, ɗan komawa dama, fesa mai, haka har ya fita. Noti mai kan milimita 10 jikinsa milimita 6 ne kawai, dogon hannu zai katse shi cikin sauƙi. Kada ka kusanto da wuta. Kewayen duk roba ne da fenti da taya, kuma a ɗaya daga ɓangarorin baya bututun zuba mai yana bin bayan robar ciki.

Wanda kansa ya cinye, idan da sauran rami, shimfiɗa faffaɗar robar ɗauri a kai ka danna sukudireba ta cikinta. Takan ba da ɗan kamu. In bai yi ba kuma kan ya ɗan fito, cije gefensa da filaya mai kulle ka juya. Tunda madigadin da ya tsage zubarwa za a yi, kana iya yanke robarsa da wuƙa kewaye da notin ka cire shi, sai wuyan notin ya fito fili da kaurin robar, filaya ta sami abin kamawa sosai. Wannan ita ce hanya mafi sauri idan ba ka buƙatar tsohon madigadin. In kana buƙatarsa, yanka tsaga a kan notin da guntun zarton ƙarfe ka sa sukudireba mai faɗin baki. Na ƙarshe shi ne huda kan har ya rabu da jiki.

Wanda kuma yake juyawa amma ba ya fitowa, maƙalin ƙarfen da ke bayansa ne ya karye yana juyawa tare da shi, ko kuma gurbin robar da ya shiga ya sule. Lanƙwasa robar ciki kaɗan, zura hannu ko filaya mai dogon baki ka riƙe maƙalin, sannan ka murɗa. In hannu ba ya kai wa, cusa baki mai faɗi a ƙarƙashin kan notin, kana ɗagawa kana juyawa, zaren zai kama ya hawo. Irin wannan maƙali ba ya gyaruwa, sabo za ka sa.

Ribit da gam

Ribit ba a kwance shi, huda shi ake yi. Faɗinsa yawanci milimita 3.2, 4 ko 4.8, kuma bakin hudar da za ka sa ya zama daidai da jikinsa, kada ya fi ramin da ke bodi. Kafin komai, leƙa ko laluba bayan wurin. Wayar na'urar ABS mai hana birki kulle taya, wayar fitilar gefe, tiyon birki da tankin ruwan wanke gilashi duk sukan bi ta bayan robar gidan taya. Naɗa salatif a jikin bakin hudar, milimita 5 zuwa 6 daga tsini, ya zama alamar tsayawa. A tsakiyar ribit akwai guntun ƙusa da ya rage, sau da yawa na ƙarfe mai tauri. Buga shi ciki da siririn ƙusa tukuna, in ba haka ba bakin hudar zai zame gefe. Huda a hankali, ba gudu, har kan ya rabu ya hau jikin bakin kamar zobe. Tsaya nan. Tura sauran jikin ciki, ka nemo shi ka fitar, don kada ya zauna cikin bodi yana ƙara. Idan ribit ɗin ya fara juyawa tare da bakin hudar, riƙe gefen kansa da filaya, domin juyawar na narkar da roba tana faɗaɗa rami. Garin ƙarfen da ya zuba a kan fenti a wanke shi da ruwa nan take. Idan ya kwana da danshi zai bar ɗigo-ɗigon tsatsa.

Gam mai fuska biyu kuma ɗumi yake so. Hura masa na'urar busar da gashi minti ɗaya zuwa biyu, kana motsa ta, har wurin ya yi ɗumin da hannu zai iya jurewa. Zura zare mai ƙarfi ko igiyar kamun kifi tsakanin madigadi da bodi, ka riƙa ja hagu da dama kana sauka, zaren ya yanka kumfar gam ɗin. Abin da ya rage a fenti, mulmula shi da yatsa tun yana da ɗumi, sauran kuma maganin cire gam na mota ko barasar isopropyl a tsumma za ta ɗauke shi. Kada ka sa tina ko asiton, suna cin fenti su dusashe roba. Kada kuma ka kankare da reza.

Abin da ke ƙarƙashi

Da madigadi ya fita za ka tarar da dunƙulen laka da yashi a inda ya kwanta, wani lokaci har da ruɓaɓɓen ganye a aljihun da ke ƙasan fenda ta gaba. Kada ka share da busasshen tsumma, yashin zai karce fenti. Kwarara ruwa ya tafi da kansa, sannan sabulun mota da tsumma mai laushi. Tun da robar ciki a sake take, ɗaga gefenta ka wanke aljihun nan sosai, ka buɗe ramin da ruwa ke fita ta ƙasa idan ya toshe. Lakar da ke zama a nan tana riƙe danshi, kuma ita ce ke sa ƙasan fenda ya ruɓe daga ciki.

Bayan ya bushe, duba fentin. Layin da gefen madigadi ya bari, idan farce ba ya maƙalewa a cikinsa, man goge fenti zai rage shi ko ya ɓatar da shi. Bambancin launi tsakanin inda rana ta ci da inda aka rufe ma yakan ragu da gogewa, ko da yake a tsohon fenti ba lallai ya ɓace duka ba. Inda ƙarfe ya fito ko tsatsa ta kama, goge da samfefa lamba 180 har ƙarfe ya yi fari, bi da 400, share da barasa, shafa fentin share fage mai hana tsatsa sau biyu siriri-siriri, kana barin tazarar da aka rubuta a gwangwanin, sannan fenti mai launin motar. Idan fenti ya kumbura, ka danna da sukudireba ya burma, tsatsar ta ci ta ciki. Wannan aikin mai gyaran bodi ne, shafe-shafe ba zai tsayar da ita ba.

Mayar da notuna da toshe ramuka

Yanzu koma ga hoton da ka ɗauka. Duk ramin da ya ratsa robar ciki, ko bamba, ko robar ƙarƙashin ƙofa, dole notinsa ko kilif ɗinsa ya koma. Daidaita ramukan, tabbatar gefen robar ciki ya shige bayan leɓen fenda yadda yake a da, saka duka notunan sako-sako, sannan ka bi su ka ɗaure.

Akwai tarko a nan. Notunan da suka zo da madigadi sukan fi na asali tsawo, don su ratsa kaurinsa. Yanzu da babu shi, ɗayan biyu zai faru: ko tsinin ya zarce ciki ya taɓa waya ko wani abu a baya, ko notin ya kai ƙarshe bai matse robar ba, tana kaɗawa. Gwada da yatsa bayan ka ɗaure; idan robar na motsi a ƙarƙashin kan, sa gajeren noti mai kauri iri ɗaya, ko ka ƙara faffaɗar washa ɗaya ko biyu. Haka kilif: wanda aka yi don ya riƙe abu uku zai yi sako-sako a kan biyu. Noti da ke shiga roba da hannu ake ɗaure shi. Ɗan juya shi hagu tukuna har ka ji ya faɗa tsohon zarensa, sannan dama, ka tsaya da zarar ya zauna. Injin ɗaure noti yana sule gurbin a cikin daƙiƙa ɗaya. Na ƙarfe da ƙarfe, shafa musu ɗan giris a zare don na gaba da zai kwance. Idan bodin alminiyam ne, kamar Ford F-150 daga samfurin 2015, yi amfani da notunan asali masu rufi ko kilif na roba, domin ƙarfe marar rufi a jikin alminiyam yana haddasa ci idan ruwa ya shiga tsakaninsu.

Ramukan da aka huda musamman don madigadi, waɗanda yanzu ba sa riƙe komai, idan a roba suke ba su da illa, kilif zai rufe su don kyan gani. Idan a ƙarfe suke, kada a bar su haka. Shafa fentin hana tsatsa a bakin ramin ciki da waje da ɗan tsinken auduga, bar shi ya bushe, shafa giris ko kakin kare bodi ta baya, sannan ka toshe da marfin roba ko kilif daidai faɗinsa.

Wanda ke jin tsoron tsakuwa bayan cire madigadi yana iya liƙa farar ledar kare fenti mai kauri a ƙasan fenda da gaban gidan tayar baya, inda duka ya fi yawa. A kan fenti mai tsabta ake liƙa ta, kuma idan sabon fenti ne sai ya gama bushewa sarai.

Mayar da taya da gwaji

Goge fuskar da rim ke zama a kai, ɗora tayar, saka notunan da hannu har su zauna, don kada zare ya hau a karkace. Ɗaure su kaɗan a tsallake, wannan sannan na gabansa ta ɗaya gefen, ba a jere ba. Cire matokari, sauke motar, sannan ka ƙarasa ɗaurin da sifana mai awo. Da Nm ake auna ƙarfin ɗauri, kuma yawancin ƙananan motoci suna tsakanin Nm 100 zuwa 140. Yawancin ƙananan Toyota 103 ne, Honda 108, Volkswagen 120, amma adadin da ke littafin motarka shi ne abin bi. Kada ka hau kan sifana da ƙafa. Sake duba ɗaurin bayan kilomita 50 zuwa 100.

Kafin ka hau titi, murɗa sitiyari ƙarshen hagu da ƙarshen dama, ka leƙa ka ga babu inda taya ke taɓa robar ciki. Bubbuga robar da gefen bamba da hannu a kowane ɓangare. Abin da ya yi ƙara ko ya motsa, akwai kilif da ya rage. Sai ka ɗan zaga a hankali da gilashi a sauke, kana sauraron goga ko kaɗawa, musamman wajen kwana da kan gargada, sannan ka ƙara gudu.

Idan za ka ajiye tsofaffin madigadin, wanke su, rubuta a bayan kowanne gaba ko baya, hagu ko dama, domin ba sa shiga gurbin juna. Zuba dogayen notunan da washoshinsu a leda ka ɗaure a jikin kowanne, ka kwantar da su a shimfiɗe inda rana ba ta duka, domin roba takan lanƙwashe idan ta daɗe a jingine.